Gwajin hayaniyar da aka yi mini kafin in karɓi na'urar ƙara ji

Kafin a haɗa mini na'urar, ma'aikaciyar ta ce akwai wani ɗan gwaji da ake kira ANL, wanda ke auna yawan hayaniyar da mutum zai yarda ya zauna da ita yana bin magana. Na zaci doguwar wahala ce, ashe ko minti biyar bai kai ba.

Ta zaunar da ni a ɗakin da ƙarar waje ba ta shiga, ta kunna muryar wani yana ba da labari. Ina nuni da babban yatsa, sama ko ƙasa, har muryar ta zauna mini daidai. Sai ta sako surutun mutane da yawa a bayansa, irin wanda ba ka tsintar ko kalma ɗaya, ta ce in tsayar da shi inda zan iya jurewa. Ana cire ƙarfin surutun daga ƙarfin muryar, abin da ya rage shi ne makinka da desibel, wato ma'aunin ƙarfin sauti, kuma ƙaramin maki ake so.

Kalmar "jurewa" ce ta yaudare ni. Na ɗauka gwajin jarumta ne, na cije, na bar surutun yana ta hawa, wuyana ya sage, na runtse ido kada labarin ya kuɓuce mini. Na fito da 3. Ta dube ni ta ce, "Baba, a haka za ka iya zama awa guda?" Ina! Da aka sake, 10 na samu.

Wannan tazarar ba wasa ba ce. Anna Nabelek da abokan aikinta na Jami'ar Tennessee a Amurka, waɗanda suka fito da gwajin a 1991, sun gano a 2006 cewa masu ƙasa da 7 sun fi sa na'urarsu kullum, masu sama da 13 kuwa sukan jefa ta a durowa. Da an bar ni da makin farko, da an sallame ni a matsayin wanda ba shi da matsala. Ƙorafina ke nan: a bi bayanin a tsanake tun farko, a kuma yi gwajin sau biyu.

Da ta ga 10, sai ta ƙara ƙarfin tsarin rage hayaniya, ta saita makirufon ya fi ɗaukar muryar wanda ke gabana. Wata biyu ke nan ina sa na'urar daga safe har dare. A cikin taro dai, rabin awa na cika nake cire ta in sa a aljihu.