GARGAƊI: mai sayar da madabod ya wanke ni tas, ku yi hattara da shi da irinsa

Jama'a wallahi raina a ɓace yake, da ƙyar ma nake iya rubutun nan, amma in ban faɗa ba wani ne zai faɗa hannun mutumin nan. Madabod, wato babban allon da ake ɗora duk kayan kwamfuta a kai, na saya a wajen wani mai talla a intanet, samfurin B650, mai soket AM5 (soket shi ne gurbin da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ke zama), ya ce sabo ne fil an dai buɗe kwalin ne kawai ba a taɓa ɗora masa furosesa ba. Abin da ya iso hannuna mataccen bod ne da aka sha gyara aka goge aka saka cikin kwali mai kyau. Na biya rabi, na biya ɗaya rabin, na kuma biya kashi goma na wai inshorar aike. Kashi ɗari da goma kenan. Ɗari da goma a kan abin da ko fanka bai juya minti ɗaya da sunan aiki ba.

Kuma tun kafin wani ya zo ya ce mini ai kai ma ba ka yi bincike ba, dan Allah ka tsaya ka karanta. Ni ba yau na fara haɗa kwamfuta ba. Na san abin da nake nema. Furosesa na Ryzen 5 7600X ne, RAM ɗina, wato memorin aiki, DDR5 32GB sanda biyu, na san AM5 ba ya karɓar DDR4 ko kaɗan, na san kes ɗina, wato akwatin kwamfutar, na bod micro-ATX ne mai milimita 244 a kan 244 don haka cikakken bod ATX mai tsawon milimita 305 ba zai shiga ba, duk na auna na lissafa, madabod ne kawai ya rage in haɗa in fara aikin editin ɗin bidiyo da nake ta tara kayan dominsa. Komai na kwamfutar nan sai da na tara kuɗi na saya ɗaya bayan ɗaya. Wannan ne na ƙarshe.

Abin da ya fi ci mini rai, kuma shi nake ta juyawa a kaina ko barci ya ƙi zuwa, shi ne lokacin da na tambaye shi wani samfurin bod, X670. Yana da shi a cikin tallan, ya fi tsada nesa ba kusa ba. Wallahi mutumin nan da bakinsa ya ce mini, Malam me za ka yi da X670, ai cif biyu ne a jikinsa don ƙarin ramukan USB da M.2 inda ake saka SSD na ajiyar bayanai, kai da furosesa ɗaya da SSD ɗaya B650 ya ishe ka har ya yi yawa, kar ka ɓata kuɗinka. Kuma gaskiya ya faɗa! Haka abin yake. To ku gaya mini wane ɗan damfara ne zai hana ka sayen mai tsada ya tura ka ga mai araha? A nan na saki jiki. Na ce wannan ya san sana'arsa kuma yana da tsoron Allah. Kar ka ɓata kuɗinka, haka ya ce. Har yanzu muryar tana wayata, na saurare ta ban san adadi ba.

Na nemi bidiyo, ya turo. Ban tsaya nan ba na ce a yi kiran bidiyo kai tsaye, ya amsa ba musu. Ya ɗaga bod ɗin, ya juya gaba ya juya baya, ya cire baƙin murfin roban da ke kan soket ya haska da tocilan waya, fil ɗin nan, wato siraran ƙarafan cikin soket, reras suna ƙyalli, ya ce Oga duba da idonka. Har ya kunna wani a tebur ya nuna mini shafin BIOS, wato manhajar cikin bod da ke tayar da kwamfuta, da sunan bod ɗin a sama. To me kuma ya rage mutum ya yi? Sai daga baya da na koma kan bidiyon farko nake lura babban yatsansa na kan sitikar siriyal lamba tun daga farko har ƙarshe, duk juyin da ya yi yatsan bai motsa ba. Bod mai lafiya gare shi na nunawa, shi yake nuna wa kowa, sannan ya aiko maka da gawa.

Maganar kuɗin ma, mun yi da shi rabi yanzu rabi in kaya ya iso. Haka muka yi, yana nan a rubuce. Na tura rabi. Sai ya kira wai kamfanin aike ba sa karɓar kayan lantarki sai an nuna rasit na cikakken biya, wai doka ce sabuwa, in ban cika ba kayan zai kwana a ofishinsu kuma shi ba ruwansa in ya ɓata. Na cika. Rabi da rabi, ɗari kenan. A'a tsaya, kafin nan ma ya turo mini hoton kwalin an naɗe da sunana a jiki, shi ya sa na ga ai magana ta ƙare. Sannan kashi goman, wai inshora, wai ai bod abu ne mai laushi in ya karye a hanya su za su biya, kuma wai za a maido mini da shi in kaya ya iso lafiya. Ba a maido ba. Da na tambayi wanda ya kawo kayan ya ce shi bai san wata inshora ba, kuɗin aike kawai aka biya, kuma babu wata dokar rasit. Ɗari da goma.

Allah ya taimake ni na ɗauki bidiyo lokacin da nake buɗe kwalin, al'adata ce duk kayan da na saya daga nesa. Da ido haka ba za ka ga komai ba, an goge shi yana sheƙi, murfin soket na nan a rufe, har da ledar nan mai hana shokin. Na ɗora furosesa yadda ya kamata, alamar kusurwa uku ta dace da ta soket, ban danna ba ban tura ba ajiye shi kawai na yi ya zauna da kansa na saukar da ƙarfen. RAM a rami na biyu da na huɗu, A2 da B2. Wayar wuta mai fil 24, ta furosesa mai fil 8, duka sun yi ƙas. Ko katin girafik ban saka ba tunda 7600X yana da nasa a ciki. Na danna maɓallin kunnawa. Fanka ta ɗan motsa ta tsaya, jar fitilar da aka rubuta CPU a gefenta ta kama ta ƙi mutuwa.

Na kira shi, a lokacin yana ɗauka. Ya ce Malam ka yi haƙuri ka jira, AM5 a kunnawar farko yana ɗaukar mintuna yana daidaita kansa da DDR5. Wannan ma gaskiya ne, kun ga irin mugun wayon, gaskiya yake ɗauka ya rufe ƙarya da ita. Amma in daidaita RAM ne ai fitilar DRAM, wato ta RAM, ce za ta tsaya, ba ta CPU ba, kuma fanka ba za ta mutu ba. Na dai jira. Ya ce cire batirin CR2032 ka mayar, na yi. Ya ce gwada sanda ɗaya ta RAM, na yi. Sai ya koma wai BIOS ne ya tsufa sai na sabunta. A nan na ce masa dakata, B650 da Ryzen 7000 duk a 2022 suka fito, don wannan furosesan aka yi bod ɗin, wane irin tsufan BIOS? Ai ba B450 ba ne da sai an sabunta kafin ya ɗauki Ryzen 5000. Ya yi shiru. Daga nan muryarsa ta canza.

Na cire furosesa na kai kyamarar waya kusa na yi zumin. Innalillahi. A kusurwar ƙasa ta hagu fil ɗin sun kwanta kamar ciyawar da aka taka, wasu an yi ƙoƙarin miƙe su da allura sun tsaya a karkace, biyu kuma babu su gaba ɗaya sai gurbi baƙi. Wanda bai sani ba, a AM4, soket ɗin da ya gabaci AM5, fil 1331 ɗin a jikin furosesa suke, amma a AM5 an mayar da su cikin soket na madabod, guda 1718, sirara ƙwarai, ɗaya in ya karye a wajen da ke ɗaukar wuta ko layin RAM zance na iya ƙarewa. Da na juya bayan bod ɗin a ƙarƙashin haske sai ga maiƙon dalma ya bushe ya yi ruwan ƙasa a saitin VRM, wajen da ke rage wuta ya ba furosesa. Zoben ƙarfen da ke kewaye da ramukan sukuru duk sun goge, alamar an ɗaure an kwance ba sau ɗaya ba. Ƙura a cikin ramin PCIe inda ake saka katin girafik. Sukurun M.2 babu. Wannan ne wai ba a taɓa ɗora masa furosesa ba. Lambar da ke jikin kwali daban, ta jikin bod daban, ko harafin farko bai zo ɗaya ba.

Na tura masa hotuna. Kun san me ya ce? Wai ni na lanƙwasa. Wai ai ya nuna mini soket lafiya a kiran bidiyo, kuma ba a mayar da bod mai karyayyen fil ko a kamfani. Ya san yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar lanƙwasasshen fil a garanti, a kan wannan ya gina duk sana'ar tasa, ya aiko maka da mai rauni ka ɗora furosesa da hannunka sannan laifi ya dawo kanka. To ni ina da bidiyon buɗe kwali. Na tsayar da shi daidai inda na cire murfin roba, kafin furosesa ya fita daga nasa kwalin ma, baƙin tabon nan na kusurwar hagu yana nan ƙuru-ƙuru. Na yanko na tura masa. Ya karanta. Ya ce zai yi magana da ogansa. Wane oga, mutumin da ya ce mini shi ne mai kaya? Daga nan hotonsa ya ɓace, saƙo ya daina shiga, kira ba ya tafiya. Ya yi bulokin ɗina.

Na manta ban faɗa ba, tun da farko sunan asusun da ya ba ni ba shi ne sunan da yake talla da shi ba, na tambaya ya ce na ƙaninsa ne da ke riƙe musu lissafi. Mutane da yawa masu gaskiya suna haka, na sha saye a wajen irinsu ba matsala. Kuma yana da hotunan godiyar kwastomomi jingim, yanzu ne nake ganin duk salon rubutunsu iri ɗaya ne. Amma a lokacin, mutum ya hana ka sayen X670, ya ce kar ka ɓata kuɗinka, ya haska maka soket da tocila ido na ganin ido, wa zai zauna yana ƙirga waƙafi a saƙon godiya? Ko wani ne a matsayina haka zai yi, ban yarda wai sakaci na yi ba. Shiri ne aka yi tsaf na cutar wanda ya san kaya, don wanda bai sani ba ma ba zai nemi ganin soket ba.

Wani abokina mai gyara ya duba ya ce sai dai a canza soket ɗin gaba ɗaya, aikin inji ne mai zafi, kuma da wannan dalmar ta bayan VRM shi ba zai ba ni tabbacin zai tashi ba ko an canza. Yanzu fargabata furosesan, fil biyu da suka haɗu a wajen wuta suna iya taɓa shi, ban samu wani bod na AM5 na gwada ba tukuna. In shi ma ya tafi to asarar ta wuce ɗari da goma ɗin da nake ta faɗa. Na kai ƙorafi banki na cike takarda, sun ce in jira. Ina jira. Ban yafe ba wallahi, ko sisi ban yafe ba, Allah ya isa tsakanina da shi.

Sikirinshot duk suna nan, na hirar, na alat uku, da muryar da yake cewa kar ka ɓata kuɗinka, da hoton lambobin biyu gefe da gefe, da yankin bidiyon. Zan ɗora su da zarar na rufe bayanan asusuna da ke jiki, don kar wani ya ce ƙirƙira na yi.

In za ku sayi bod daga nesa, a nuna muku siriyal na bod da na kwali a hoto ɗaya, da soket a buɗe a cikin hoton nan, ba yatsa a kai. Kar ku cika kuɗi kafin kaya ya iso. Ku ɗauki bidiyon buɗewa, ku yi zumin soket kafin furosesa ya taɓa shi. Wanda ya ce inshora ku ajiye waya.

Kuma tallan yana nan bai sauke ba, ɗazu aka turo mini, ya canza suna ya canza lamba amma bidiyon shi ne dai, tebur ɗin, tocilan, yatsan a kan sitika. Ya ƙara da B760 na Intel yanzu, LGA 1700, shi ma fil ɗinsa a soket suke, don haka masu haɗa Intel ku ma ku kula.