Injin ƙyanƙyasa mai ƙwai 56: zafinsa daidai, lambar danshinsa ƙarya

Masu kiwon kaji na nan Maradi da ke ta tambayata a kan ƙaramin injin ƙyanƙyasar nan mai cin ƙwai 56, wanda ya cika shaguna yanzu, ga abin da idona ya gani. Kuɗinsa kun san shi, kuma ba jikunan da na zuba ne suka fi ƙona mini rai ba.

Da farko har tallarsa nake yi wa maƙwabta. Na saita shi a digiri 37.5, ya tsaya nan cak. Yana juya ƙwai da kansa, ya hutar da ni tashin dare. In aka ɗauke kuran sai na haɗa shi da batir mai bolt 12, ya ci gaba da aikinsa, kuma a garin nan wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da na haska ƙwan da tocila a kwana na 7, jijiyoyi jajaye sun bazu a cikin kusan duka, baragurbi kaɗan na fitar.

A tsakiyar hunturu ne, watan Janairu, lokacin da leɓe ke tsagewa, wanki ya bushe kafin ka gama shanya. Yaron shagon ya ce mini, "Hajiya, ki cika kwarin ruwa ɗaya kawai, lambar nan ta allo ita za ki bi." Kwarin shi ne gurbin zuba ruwa a cikin injin, mai ba ƙwai danshi. Na bi maganarsa. Allon na nuna danshi kashi 55 cikin ɗari, daidai yadda ake so daga kwana na 1 zuwa na 18. Ranar 18 na tsayar da juyi, na cika kwari na biyu, lamba ta hau 68. Na ce Alhamdulillahi.

Daren kwana na 21 muka fara jin kukan tsaki daga cikin ƙwai. Yara suka kewaye injin, ba mai son barci. Ƙwai bayan ƙwai ya huda, ga ɗan baki nan a waje yana buɗewa yana rufewa. Daga nan shiru. Gari ya waye, azahar ta yi, hudar ba ta ƙaru ba. Tantanin cikin ƙwai da ya kamata ya kasance fari mai laushi ya koma ruwan ƙasa, ya ɗame kamar fatar kalangu, ya manne wa gashin ɗan tsako. Shi kuwa sai ya juya jikinsa a ciki yake iya yanka ɓawo ya fito. Ina tsaye ina kallo ta murfi kukan yana raguwa. Waɗanda suka fita ba su kai rabi ba. Sauran cikakkun ƴan tsaki ne, da gashinsu da faratansu, suka mutu baki a waje. Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba.

Wani dattijo a unguwarmu da ya daɗe yana ƙyanƙyasar zabi ya zo ya ɗaga ƙwan ɗaya ɗaya yana haskawa. Ya ce, "Ƴata, dubi gurbin iskar nan, ya kusa cinye rabin ƙwai. Ruwansu ya ƙone." Ƙwai yakan rasa wajen kashi 12 cikin ɗari na nauyinsa kafin kwana na 18, nawa sun zarce haka nesa. Ya ajiye nasa ma'aunin danshi a cikin injin da kwari ɗaya cike. Allon ya ce 55, na dattijon bai kai 40 ba. Don kada in yi shakka, ya jiƙa gishiri a murfin kwalba, ba har ya narke ba, ya rufe shi tare da ma'aunin a cikin roba suka kwana. Da safe ya nuna 75, kuma haka ma'auni mai gaskiya ke nunawa.

Na koma shagon da ƙwan a leda. Ko dubawa yaron bai yi ba ya ce, "Hajiya, ƙwanki ne tsofaffi." Ƙwan kajina, da ba su kai mako ba, da na jera tsininsu a ƙasa a wuri mai sanyi! Wannan maganar ta fi asarar ciwo.

Yanzu da ma'auni na daban nake aiki. Faɗin fuskar ruwa ke kawo danshi, ba zurfinsa ba, don haka a hunturu nakan ƙara faranti da soso tun ranar farko, ruwan kuma mai ɗumi. Kwanaki ukun ƙarshe, da ake son 65 zuwa 70, ta ƴar ƙofar waje nake ɗura ruwa, murfi ba ya ɗaguwa ko wa ya roƙa. Da haka ƙyanƙyasa ta yi kyau ƙwarai, har na fara cewa ai injin ba shi da laifi sosai.

Sai bazara ta shigo. A Afrilu ɗaki kansa yakan wuce digiri 40, injin kuma ɗumamawa kawai ya iya, ba ya sanyayawa. Ga ƴan tsaki a makon ƙarshe suna fitar da nasu zafin. Da rana tsaka ya haura 39, ƙararrawarsa na ta ihu, babu abin da zai iya yi. Wasu suka fito kafin lokaci, cibiya ba ta rufe ba, wasu yatsu a lanƙwashe. Na kai shi ɗakin ƙasa, na rataya jiƙaƙƙen buhu a taga, ya ɗan sauka. Takardar da ke cikin kwalinsa ba ta ce uffan a kan zafi irin namu ba, mai sayarwa ma bai faɗa ba, alhali shi ma a Maradi yake kwana.

Mai son saye ya saya, amma ya haɗa da ma'aunin danshi tun a ranar, ya gwada shi da gishiri kafin ya saka ƙwai ko ɗaya. Ni dai na kashe nawa sai ruwa ya sauka zabi sun fara ƙwai. Su kwana 26 zuwa 28 suke yi, kuma na riga na liƙa takarda a kan lambar allon don kada yara su sake karanto mini ita.