Kwalbar Sukarin Lemon Italiya Marar Giya: Yadda Na Same Ta Bayan Na Gwada a Gida

Sana'ata ita ce haɗa kayan sha na biki da suna da walima, kuma daga gidana a Agege nake yin ta, inda yawancin masu ba ni aiki 'yan uwanmu ne 'yan Arewa mazauna Legas. Zoɓo da kunun aya da lamurje aka fi nema, amma a watan jiya wata amarya da za a yi walimarta a Ikeja ta nuna mini hoton wani abin sha mai launin ɗorawa a cikin babban kofin gilashi cike da ƙanƙara, ta ce shi take so a raba wa ƙawayenta. Sunansa limoncello spritz, kuma da na bincika sai na tarar giya ce, saboda haka na gaya mata cewa ba zan haɗa shi ba, sai dai in nemo hanyar da za a sami ƙamshinsa da kamanninsa ba tare da abin maye ba. Wannan neman ne ya kai ni wani kantin kayan ƙasashen waje a Victoria Island, inda na sayo kwalbar ruwan sukari mai lemon tsami da aka yi a Italiya.

Sai an san abin da ake kwaikwayo kafin a iya cewa kwalbar ta yi ko ba ta yi ba. Limoncello ɗan kudancin Italiya ne, daga yankin Sorrento da gaɓar tekun Amalfi da tsibirin Capri, inda ake noman manyan lemon tsami masu launin ɗorawa da kaurin ɓawo, waɗanda Tarayyar Turai ta ba sunayensu kariya, na Sorrento a 2000, na Amalfi kuma a 2001. Ba da ruwan lemon ake yin sa ba, da ɓawon ake yi: ana jiƙa shi a cikin tsantsar barasa na kwanaki har man da ke cikinsa ya fita, sannan a tace a haɗa da ruwan sukari, ƙarfin barasarsa kuma yakan kai kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari. Shi kuwa spritz daga arewa maso gabashin ƙasar ya fito, yankin Veneto, tun ƙarni na 19 lokacin da Ostiriya take mulkin wurin, kuma sunan ya samo asali ne daga kalmar Jamusanci mai nufin fesawa, saboda ɗan ruwan da ake ƙara wa giyar inabi domin a rage mata ƙarfi. Ma'aunin da aka saba da shi a yau shi ne kashi 3 na prosecco, wato giyar inabi mai gas, da kashi 2 na limoncello, da kashi 1 na ruwan soda. Giya ce a kan giya, kuma babu wata kwana-kwana da za ta mayar da ita abin da zan kai wurin walima.

Kantin yana da tsafta, kayansa a jere suke, kuma ban ga kwalba ko ɗaya da wa'adinta ya wuce ba. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne yadda suka jera kwalbar sukarin a kanta ɗaya da limoncello na ainihi, ga launinsu iri ɗaya, ga hoton lemo a jikin kowace, ta yadda mai gaggawa zai iya ɗaukar wadda ba ita ya zo nema ba. Na tambayi yarinyar da ke kula da sashen ko wadda na riƙe tana da barasa, sai ta juya kwalbar ta ce, "Hajiya, ina jin babu," ni kuwa "ina jin" ba amsa ba ce a irin wannan magana. Rubutun da Italiyanci yake, don haka ga abin da mai saye zai duba da kansa: kalmar sciroppo tana nufin ruwan sukari, analcolico tana nufin marar barasa, liquore kuma giya ce, haka nan duk kwalbar da aka rubuta wa lamba da "% vol" a gefe tana bayyana yawan barasar da ke cikinta ne. A ƙasashe da dama ana halatta a kira abin sha marar barasa ko da yana ɗauke da ita har kashi 0.5 cikin ɗari, shi ya sa na fi natsuwa da ruwan sukari zalla wanda na karanta kayan haɗinsa ɗaya bayan ɗaya. Wannan taka-tsantsan ɗin ba baƙo ba ne ga mai sana'a irin tawa, domin ko Chapman ɗinmu na Legas, masu haɗa shi da yawa suna ɗiga masa Angostura, wani ruwa mai ɗaci da ƙamshi wanda barasarsa ta kai kashi 44.7 cikin ɗari.

Da na buɗe kwalbar a gida, ƙamshin ne ya fara burge ni. Ba ƙamshin lemon kwalba da muka saba da shi ba ne, ƙamshi ne irin wanda yake maƙalewa a yatsu idan mutum ya murza ɓawon lemo sabon tsinka, kuma a nan na gane cewa masu yin ta sun fahimci inda daɗin limoncello yake. Launinta ɗorawa ce mai haske, kaurinta kamar na zuma da ta ɗan sha rana. Surukata, wadda ta zo mana daga Kano, tana zaune tana kallona, sai ta ce, "Ke 'yar nan, kin tabbata ba kayan maye kika shigo mana da shi ba?" Na ce, "Hajiya, sukari ne da lemo, ga takardar na karanta," sannan ta yarda ta ɗanɗana.

Gwajin farko bai yi ba, kuma laifina ne. Na bi ma'aunin 3 da 2 da 1, na maye gurbin prosecco da ruwan inabi mai gas marar giya irin wanda ake rabawa a wurin biki, sai abin ya fito da zaƙin da ba ya shayuwa, domin a cikin na asali barasa da tsamin giyar ne suke karya zaƙin, a nan kuwa sukari ne ya hau kan sukari. Sai da na yi gwaji huɗu kafin na tsaya a kan ma'aunin da ya gamsar da ni: a cika babban kofi da ƙanƙara, a zuba mililita 30 na ruwan sukarin, wato babban cokali 2, a matse sabon lemon tsami cokali 1, sannan a zuba ruwan soda mililita 150. Idan ana son ɗanɗanon inabi, to kada ruwan inabin ya wuce kashi ɗaya cikin uku na sodar. A ƙarshe a saka yankan lemo da ganyen na'a-na'a bayan an ɗan mare shi a tafin hannu domin ƙamshinsa ya tashi.

Sodar ita ce ke raya abin ko ta kashe shi, musamman a zafin Legas. Gas ya fi zama a cikin ruwa mai sanyi, don haka sodar da ba ta yi sanyi sosai ba takan huce tun kafin kofin ya isa hannun mai sha. A karkata kofin a zuba ta a hankali ta gefe, a juya sau ɗaya daga ƙasa, kuma a nemi manyan ƙanƙara, domin ƙanana suna narkewa da wuri su salance abin. Na gwada da ruwa mai gas na Sanpellegrino, kamfanin da aka kafa a 1899 a lardin Bergamo na Italiya, na kuma gwada da sodar da ake yi a nan gida, duka biyun sun yi, kuma bambancin da ke tsakaninsu bai kai a ce dole sai na waje ba.

Inda kwalbar ta gaza shi ne wurin tsami da kuma kuɗi. Ita kaɗai ba ta da kaifin da zai sa mutum ya nemi ƙari, dole sai da sabon lemo, kuma kuɗin da na biya zai ishe ni haɗa zoɓon taro guda. Wannan ne ya sa na gwada yin nawa. Na sayi lemo 6 masu launin ɗorawa, na wanke su da ruwan ɗumi na goge sosai saboda irin waɗanda ake shigowa da su sau da yawa an shafa musu kakin da ke hana su bushewa, sannan na fere saman ɓawon kaɗai, ban taɓa farin da ke ƙarƙashinsa ba, domin a nan ɗacin yake. Na cuɗa ɓawon da sukari giram 200, na rufe ya kwana. Da safe sukarin ya jiƙe ya zuƙe man ɓawon, aikin da barasa take yi a Sorrento ke nan, sai na ƙara ruwan lemon da ɗan ruwan ɗumi, na juya har ya narke, na tace da rariya. Ƙamshinsa bai gaza na kwalbar ba, tsaminsa ma ya fi, sai dai launinsa bai kai nata kyau ba, kuma ba ya jure ajiya, balle a unguwar da ake yawan ɗauke wuta firji ya huce. Na kuma gwada da ƙananan lemon tsaminmu kore da na sayo a kasuwar Mile 12, ya yi daɗi, amma ɗanɗanonsa ya koma wani abu dabam mai ɗan ɗaci, bai yi kama da abin da amarya ta gani a hoto ba.

Ga wanda zai karɓi baƙi biyar ko shida a gida, ko wanda ba shi da lokacin fere lemo, kwalbar ta cancanci kuɗinta, muddin zai karanta takardar jikinta da idonsa kafin ya biya. Ga mai sana'a da za ta cika kofi ɗari, kwalbar ba za ta fitar da ita ba. A walimar, nawa na gida na yi amfani da shi, na ɗiga kaɗan daga na kwalbar domin launi, kuma ban buɗe sodar ba sai da ƙawayen amarya suka zauna.