Birkin baya na tsohuwar Honda CG125: a gyara na dram ko a sa na faifai?

Ɗan'uwa, ka ce CG125 ɗin da ka gada a wurin mahaifinka ba ta tsayawa sai ka danna feda har ƙasa, kana tambaya ko ka mai da birkin bayan na faifai. Ni dai shawarata ka fara da gyaran dram ɗin, wato gangar ƙarfen da ke tsakiyar ƙafa, wadda birki ke kamawa daga ciki.

Birkin faifai yana da amfaninsa: yana saurin hucewa, yana zubar da ruwa da wuri, kamunsa kuma ba ya sauyawa sosai. Amma wannan mashin da Honda ta fara ƙerawa a 1975 ba a yi masa mazaunin faifai a baya ba. Sai ka canja hob (cibiyar ƙafar) ko ƙafar gaba ɗaya, ka nemo kalifa (abin da ke matse faifan) da famfon man birki, sannan mai walda ya taɓa maka firam. Kuɗi ne mai yawa, kuma asalin mashin ɗin ya tafi. Abin da ya fi damuna shi ne, idan ka taka birki nauyi gaba yake komawa, baya ta yi sakayau. Birki mai ƙarfi fiye da kima a ƙafa mara nauyi kulle taya yake yi, musamman a kan yashi. Ko babban mashin ɗin Honda CB750 ta 1969, da duk girmanta, faifai a gaba kawai aka sa mata, sai a CB750F ta 1975 ya zo baya.

Shi kuwa dram, yawanci ba rauni ne da shi ba, rashin kula ne. Cire ƙafar ka duba shu, wato abin da ke buɗewa ya goga cikin dram ɗin. Idan fuskarsa ta yi sulɓi tana ƙyalli, ko mai ya jiƙa ta, ko kaurinta bai kai milimita 2 ba, canja shi. Kada ka hura ƙurar da baki, tsofaffin shu da yawa da asbestos mai cutar da huhu aka yi su, goge ta da jiƙaƙƙen tsumma. Zaro ƙarfen nan da ke juyawa ya buɗe shu, ka wanke tsatsarsa, ka shafa giris kaɗan.

Sabon shu ma ba ya zama daidai da cikin tsohon dram. Shafa masa alli, ka mayar, ka juya tayar kana ɗan taka feda. Inda allin ya goge, nan kaɗai yake kamawa, wani lokaci wuri ne kamar faɗin ɗan yatsa. Bi wurin da sanfefa a hankali, ka maimaita har kamun ya game fuskar. Wajen ɗaurewa, ka sa wani ya danne feda kafin ka matse notin ƙafar, don shu ya zauna a tsakiya.

Sai hannun birkin da ke jikin hob. Idan an taka sosai, ya kamata shi da sandar da ke jansa su yi kusurwar digiri 90. In ya wuce haka ƙarfin ƙafarka ɓacewa yake. Wasan feda kuma ya tsaya tsakanin milimita 20 zuwa 30.

In cikin dram ɗin ya cinye har ya wuce ƙa'ida, ko ya daina zama zagayayye fedar na harbin ƙafa, nemi wani hob ɗin CG mai lafiya a wurin masu tsofaffin kaya. Ka kuma yi wa birkin gaba irin wannan aikin, domin shi ne ke ɗaukar mafi yawan tsayuwa.