Na'urar duba bugun zuciya a gida: wacce ta cancanci kuɗinka kafin tiyata da bayanta?

Kwana uku da yi wa Yaya tiyatar zuciya, ina zaune gefen gadonsa sai ya dafe ƙirji, ya ce yana jin kamar an kulle tsuntsu a ciki yana fuffuka. Allon da ke saman kansa ya nuna 140, ya sauko 110, ya sake haurawa. Cikina ya ɗuri ruwa. Nas ɗin da ta zo kuwa ko a jikinta, ta ce dama suna sa ran haka. Ashe kusan mutum ɗaya cikin uku da aka yi wa irin wannan aiki yakan samu rikicewar bugun da likitoci ke kira AF, galibi a rana ta biyu ko ta uku, kuma ga mafi yawansu takan lafa cikin makonni. Ɗakunan sama na zuciya ne ke karkarwa maimakon su matso jini. Abin tsoron shi ne jinin ya yi guda a wani lungu, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa, ya jawo shanyewar ɓarin jiki.

A asibiti akwai allo, akwai nas. Ranar sallama ce mutum ke fara tunanin abin da zai saya, kuma a nan ake ɓarnar kuɗi.

Tambaya ɗaya ce ke raba kayan nan gida biyu: na'urar ƙirga bugu kawai take yi, ko kuwa tana zana shi? Masu ƙirge suna haska fata, ko su ji motsin jini a jijiya, su ba ka lamba. Masu zane suna ɗaukar lantarkin zuciyar kanta, su fitar da layin nan mai hawa da sauka, wato ECG. Ka je wa likita da "jiya da dare ta kai 130", abin da zai iya yi da zancen kaɗan ne. Ka nuna masa zanen daƙiƙa talatin na lokacin da abin ke faruwa, zai iya faɗa maka ko AF ce, ko ɗan tsallen bugu ne marar lahani, ko fargaba ce ta sa zuciyar gudu.

Kafin komai, koyi amfani da yatsunka. Ɗora biyu a wuyan hannu, ƙasan babban yatsa, ka ƙirga na minti ɗaya cur, kada ka yi na daƙiƙa 15 ka ninka. Babban mutum a hutawa yana tsakanin 60 da 100. Amma abin saurare ya wuce lambar: bugun yana tafiya a jere, ko yana harɗewa babu tsari?

Na'urar awon hawan jini ta damtse kusan dole ce ga wanda aka yi wa tiyata, tunda magungunan da za a sallame shi da su suna taɓa hawan jini. Ka zaɓi ta damtse, ka bar ta wuyan hannu, kuma ka auna kaurin damtsenka kafin ka biya, domin ɗamarar da ta yi ƙanƙanta tana ƙara lamba. Da yawa daga cikinsu, irin na Omron da Microlife, suna kunna alama idan bugun bai daidaita ba. Alamar tuni ce kawai, ba ta faɗin irin rikicewar. Sannan idan AF na kan mutum awon kan yi yawo, shi ya sa ake maimaitawa sau uku. Wanda aka ciro masa jijiya daga hannu don yi wa zuciya sabuwar hanya, ya tambayi likita hannun da zai riƙa aunawa.

'Yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don ganin iskar da ke cikin jini ba zan ɓata lokaci a kanta ba. Yatsa mai sanyi da fentin farce suna ruɗa ta, kuma an nuna takan ƙara wa masu duhun fata lambar iska. Aikinta daban ne.

Agogon hannu shi ne wanda ido ke fara zuwa kansa, shi ne kuma mafi tsada. Tun 2018 Apple Watch ya zo da ECG, daga baya Samsung da Fitbit da Withings suka fito da nasu. Ba kowane samfuri ne ke da shi ba, kuma ba a kowace ƙasa aka buɗe wannan aikin ba, saboda haka a bincika kafin a saya. Aiki biyu yake yi. Hasken da ke bayansa yana leƙa bugun lokaci-lokaci ba tare da ka sani ba, zane kuwa sai ka zauna ka ɗora yatsa na daƙiƙa talatin. Jami'ar Stanford ta gwada aikin farkon, wato na hasken, da Apple Watch a kan mutum sama da 419,000, sakamakon ya fito a 2019. Wajen rabin kashi ɗaya cikin ɗari ne agogon ya yi wa gargaɗi, kuma cikin waɗanda aka liƙa wa na'urar asibiti daga baya, kashi 34 ne aka kama da AF. Wannan bai nuna sauran ƙarya aka yi musu ba, domin AF kan zo ta tafi. Sai dai a lura, kamfanin Apple da kansa ya ce wannan gargaɗin ba don wanda aka riga aka tabbatar yana da AF aka yi shi ba, kuma agogon ba ya gane toshewar jijiyar zuciya.

Shi Yaya, agogon ya saya. Maganin rage gudun zuciya da aka ba shi yana saukar da bugunsa ƙasa da 50 idan ya yi barci, agogon ya yi ta girgiza masa hannu, shi kuma ya farka yana auna kansa har asuba. Da muka koma, likita ya duba zanen ya ce lafiya lau, ya ƙara da cewa rashin barcin ya fi damunsa. Tun daga nan agogon a aljihun tebur yake kwana.

Da ni za a tambaya, ƙaramin farantin nan na KardiaMobile zan nuna wa yawancin mutane. Bai kai tafin hannu ba, ka ɗora yatsu a gefe biyu, zanen ya fito a wayarka, ka tura wa likita. Bai kai agogo tsada ba, babu cajin kullum, kuma ba ya kiranka, kai kake zuwa wurinsa. Akwai samfurin 6L da ake ɗorawa a gwiwar hagu ya ba da layi shida. Rauninsa a fili yake: abin da ya faru kana barci, ko wanda ba ka ji ba, ya wuce shi. Hannu mai rawa yana ɓata zanen, kuma wasu ƙarin bayanan sai da biyan kuɗi wata-wata. A tabbatar kuma yana aiki da irin wayar da ake da ita.

Idan abin yana zuwa a ɓoye, ko da jiri da suma, to ya wuce na saye. Likita ne zai rubuta Holter, na'urar da ke ɗaukar zanen dare da rana, wadda ake ratayawa awa 24 zuwa 48, ko mai liƙewa a ƙirji har kwana 14, nesa da ɗinkin. Wanda aka sa wa batirin zuciya shi ma kada ya sayi komai sai ya yi shawara: masu KardiaMobile ba su ba da shawarar amfani da shi ga irinsa ba, kuma FDA, hukumar kula da magunguna da na'urorin lafiya ta Amurka, ta ce a nisanta waya da agogo masu maganaɗisu aƙalla santimita 15 daga batirin.

Lokacin saye kuwa, kafin tiyata ya fi. Ka koyi riƙon na'urar da sauran ƙarfinka, ka ajiye zane biyu ko uku na yadda zuciyarka take, don a samu abin kwatantawa. Ka tafi da ita ganin likita na ƙarshe ka tambaye shi kai tsaye: wace lamba ce idan na gani zan kira ku, sau nawa zan auna a rana, ta ina zan turo zanen? Komai na'urar ta nuna, kada ka dakatar da maganin tsinka jini ko na rage bugu da kanka. Idan kuma baki ya karkace, hannu ya mutu, magana ta sarƙe, ko ƙirji ya ɗaure da haki, kada a tsaya neman na'ura, a nufi sashen gaggawa.