Sharhi kan wani shagon fayafayan garmaho a Sabon Garin Gusau

Duk wanda ke da tsohon garmaho yana shan ƙura a ƙarƙashin gado, ko ya gaji kwalin fayafayai bai san yadda zai yi da su ba, akwai wani dattijo a Sabon Garin Gusau da ya kamata ya nema. Na kai masa gyara, na sayi kaya a hannunsa, na kuma ba shi aikin juye waƙoƙi zuwa memori. Wajen gyara da wanke faifai da gaya wa mutum gaskiyar abin da ke hannunsa, ban ga na biyunsa a garin nan ba. Wajen ajiya da farashi kuwa da sauran gyara, kuma zan faɗe su yadda na gan su.

Shagon ɗan tsukuku ne, ba allon suna, tsakanin wani tela da mai gyaran fanka. Wanda ya leƙa daga bakin titi zai ɗauka shagon gyaran rediyo ne kawai, kuma bai yi kuskure ba, domin abincin Baba mai shagon daga nan yake fitowa: amfilifayar masallatai, lasifikar Islamiyya, rediyon 'yan ƙauye. Ya ce da can kaset yake sayarwa, da aka fara aiki da shari'a a jihar a shekarar 2000 sai ya mayar da gaban shagon na wa'azi da karatun Alƙur'ani, daga baya memori ta zo ta kashe kasuwar kaset ɗin gaba ɗaya. Fayafayan suna can ciki bayan labule. Ba ya tallarsu. Sai ka tambaya.

Abin da ke bayan labulen tarihin Gusau ne a dunƙule. Jirgin ƙasa ya iso garin daga Zariya a ƙarshen shekarun 1920 ya wuce Ƙaura Namoda, auduga da gyaɗa suka jawo kamfanoni da Kwara ('yan kasuwar Lebanon) da ma'aikata daga kudu, daga baya masaƙa ta ƙara nata. Waɗannan mutane su ne masu albashin sayen garmaho, kuma abin da suka bari shi Baba ya yi ta tsinta gida-gida, wani lokaci a hannun 'yan gwangwan kafin su fasa injin su auna ƙarfen. Saboda haka kiɗan Yarbawa da na Ibo da na Ghana sun fi komai yawa a wurinsa, sai waƙoƙin finafinan Indiya, sai na Jamaika da na makiyayan Amurka da iyayenmu suka so ƙwarai. Tambarin EMI da Decca da Philips ne a kan mafi yawansu. A bayan wani kwali na ga an rubuta sunan mai shi da alƙalamin tawada, da lambar ɗakinsa a kwatas ɗin ma'aikatan jirgi, da gargaɗi da manyan baƙaƙe cewa ba a aro. Ga shi yau kowa na juya shi.

Injin da na kai na mahaifinmu ne, ƙirar Japan ta shekarun 1970, irin mai bel. Tun rasuwarsa ba wanda ya kunna shi. Da Baba ya ɗaga farantin sai ga bel ɗin ya narke ya zama baƙin danƙo ya manne a jikin ƙarfe. Bai ce komai a kan wannan ba, don a wurinsa abin yau da gobe ne. Abin da ya tsayar da shi wani tsohon kwabo ne da aka ɗaure da zare a kan hannun allurar.

"Ɗana, wa ya aza kwabo nan bisa?"

Na ce aikin marigayi ne, don kada allura ta riƙa tsalle.

"Haka sunka yi duk, Allah shi jiƙan su. Kwabon ga shi ka cin faifai."

Ya yi mini bayani yana kwance zaren. Allura irin wannan ba ta son nauyin da ya wuce giram 2 zuwa 3 a kan faifai. Idan ta fara tsalle, ko dai bakinta ya cinye, ko datti ya cika layin, ko injin ba a daidai yake zaune ba. Ƙara mata nauyi yana hana tsallen, amma sai ta riƙa sassaƙe layin waƙar duk zagaye, kuma abin da ta sassaƙe ba ya dawowa. Ya miƙo mini gilashin masu gyaran agogo na duba bakin allurar da kaina: maimakon tsini mai santsi, gefe guda ya goge ya yi kaifi. Ya sa wata sabuwa, ya daidaita ƙarfen da ke bayan hannun har ya tsaya a iska bai yi sama ba bai yi ƙasa ba, sannan ya murɗa nauyin da ake so.

Yadda ya gwada gudun injin ne ya fi burge ni. Ya manna ɗan guntun takarda a bakin farantin, ya cire agogon hannunsa ya ajiye, ya shiga ƙirga zagaye da leɓe. Babban faifai yana juyawa sau 33 da sulusi a minti guda, wato sau 100 cif a minti 3. Bel na farko da ya sa ya ba shi 103, ya cire ya ce muryar mawaƙi za ta yi ta yara. Na biyu ya zauna daidai. A nan ne ya ja mini kunne kan abu biyu. Na ɗaya, kada in sayi injin da aka ƙera don Amurka ba tare da an duba ba: wutarsu 110 zuwa 120 ce tamu 230, kuma ko an sa na'urar rage wuta, wasu injinan da bugun wutar suke auna gudunsu, nasu 60 namu 50, sai faifan 33 ya koma wajen 28, waƙar ta yi ta jan ƙafa. Na biyu, ƙaramin janareta ba abokin irin waɗannan injinan ba ne, don gudunsa na hawa da sauka. Shi da batir da inbata yake gwaji. Tun da na dawo da injin gida bai ba ni matsala ba, kuma kuɗin gyaran bai kai abin da na kashe a gyaran fuskar wayata ba.

Cikin kwalin da na gada akwai wasu fayafayai masu nauyi da kauri, na miƙa masa ɗaya in ji. Ya ƙi sawa. Ashe masu gudun 78 ne, tsofaffin yayi, waɗanda ba da roba aka yi su ba, da wani irin ƙaro ne da ake samu daga ƙwari a ƙasar Indiya, kuma idan suka faɗi fashewa suke kamar tangaran. Layinsu ya fi faɗi, allurarsu daban, kuma kowane gefe minti 3 ne da 'yan kai. Babban faifai mai ɗaukar kusan minti 20 a gefe guda sai a 1948 kamfanin Columbia ya fito da shi, ƙaramin mai gudun 45 kuma RCA ta biyo da shi a 1949. Don jin na 78 ɗin sai da ya sauko da wani garmaho na ainihi, mai akwatin katako da tambarin karen nan da ke sauraron ƙaho. Ya wana shi da hannu, ya buɗe wani ɗan gwangwani ya zaro allurar ƙarfe sabuwa, don ita kowane gefe ake canja ta. Ba wuta, ba batir, amma muryar ta cika shagon har tela ya tsayar da kekensa ya leƙo.

Wankinsa ma abin koyo ne. Ruwan batir yake amfani da shi, wanda ba gishiri a ciki, da ɗigon sabulun ruwa da burushi mai laushi, yana bin layin a zagaye, ba ya ƙetare shi, ba ya kuma bari ruwa ya taɓa takardar tsakiya. Sifirit ko kusa da na 78 ba ya kai shi, ya ce narkar da fuskarsu yake yi. Wani faifai da na fid da rai da shi saboda ƙarar tsartsatsi, bayan wanki ya koma abin saurare. Wanda kuwa ya sha kwabo shekara da shekaru, ya gaya mini kai tsaye kada in ɓata kuɗina.

Abin da ya kai ni bayan labule tun farko shi ne neman namu. Ƙasar nan ce ta haifi Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Sa'idu Faru da Musa Ɗanƙwairo da Kassu Zurmi, na ɗauka zan tarar da su jere a kanta. Ban samu ko ɗaya a faifai ba. Fayafayan Hausa da ke wurinsa ba su cika hannu biyu ba, kuma na Shata da Ɗanmaraya Jos ne na EMI suka fi yawa a ciki. Dalilin a fili yake idan mutum ya yi tunani. Makaɗin fada don sarkinsa yake kiɗa, waƙa guda tana iya cin lokacin da faifai ba zai ɗauka ba, kamfanonin kuma suna Legas. Yawancin abin da muke ji na masu kotso da taushi ta gidajen rediyon Kaduna da Sakkwato ya iso mana, sannan kaset ya yaɗa shi, wannan ya kwafa daga wancan har murya ta dusashe. To kaset ɗin kam Baba yana da su buhu-buhu, kuma ya san wanne ne kwafin kusa da asali, wanne ne jikan jika. Wanda ke neman waƙoƙin fada ko na noma ko na dambe, kaset zai tambaya.

Juyewa zuwa memori ita ce hidimar da na fi samun rabin gamsuwa da ita. Sautin ya fito da kyau, domin ta waya yake ɗauka daga amfilifaya zuwa kwamfuta, ba ya kara wayar hannu a bakin lasifika yadda wasu ke yi. Amma yaron da ke taya shi ya zuba mini kowane gefen faifai a dunƙule ɗaya, ba suna, ba rabe waƙa da waƙa, sai lambobi. Da na yi magana ya ce haka kowa ke karɓa. Wanda zai ba da irin wannan aiki ya rubuta sunayen a takarda ya haɗa da faifan, ya kuma faɗa tun farko a raba masa.

Kayan tarihin da ya tara ba su da yawa, amma akwai na gani. Kalandun shekarun 1980 masu hotunan makaɗa da rawunansu, gwangwanayen allura, takardun tallar silima, rasiɗan wani kantin fayafayai da ya daɗe da rufewa, da wani kotso da fatarsa ta tsage an rataye a ƙusa. Na taya kotson. Ya ce, "Wanga ba na saidawa ba na." Ban ƙara ba. Abin da ya dame ni shi ne ba ko ɗaya da aka rubuta wa bayani. Wane ne a hoton, wace shekara, daga wane gida, duk a kansa suke, kuma dattijo ne.

Yanzu ga inda na ce da gyara. Shagon rufin kwano ne ba silin, kuma kowa ya san Gusau a watan Afrilu. Faifan roba ba ya jure zafi, lanƙwashewa yake. Waɗanda Baba ke ji da su suna tsaye a jere cikin akwatin katako a ƙasa, yadda ya kamata. Sauran kuwa an jibge su kwance, wani kan wani, a kanta ta sama dab da kwanon. Na zaro guda daga can na ɗora a faranti, hannun allura ya riƙa hawa da gangara. Wasu kwalayen gara ta ci gindinsu, ƙurar hunturu kuma ta shiga waɗanda ba su da rigar ciki. Mutumin da ya san illar kwabo ya san illar wannan. Da na faɗa masa, ya ce wuri ne babu. Gaskiya ne wurin ya yi kaɗan, amma saukar da su ƙasa a tsayar ba ya buƙatar ƙarin haya.

Farashi kuma ba a rubuce yake ba, da fuska ake yanka shi. Faifan Indiya ko na Turawa araha ne, kusan kyauta. Da ka ɗauki na wani mawaƙin Najeriya na shekarun 1970 sai ya karɓa ya juya shi ya kira kuɗin da zai sa ka mayar. Ba haka kawai ba ne. Faifai ya dawo kasuwa a duniya, har a Amurka cinikinsa ya wuce na CD a yawan guda a 2022, karo na farko tun 1987, kuma dillalai daga Legas suna zagayowa arewa suna kwashe irin waɗannan don masu saye a Turai. Baba ya gane haka, ba kuma na ganin laifinsa. Sai dai a gabana ya faɗa wa wani kuɗi, ya faɗa mini wani a kan faifai iri ɗaya, nawa ya fi sauƙi don ya san mahaifina. Na ji daɗi a aljihu, amma baƙo ba zai ji ba.

Abu guda da ke rage zafin wannan shi ne ba ya sayar da faifai sai ya sa maka ka ji gefe biyun, ya nuna maka inda ya karce a hasken ƙofa. Wanda ya lanƙwashe ɗin da na zaro, da na ce zan saya haka nan saboda hoton kwalin, kuɗin kwali kawai ya karɓa.

Mai zuwa ya zo da hantsi ko bayan la'asar, don tsakar rana ba a zama a ciki, ranar Juma'a kuma ba ya buɗewa sai an sauko. A zo da tsabar kuɗi, ba ya karɓar tiransifa. In da injin gyara, a ɗaure hannun allurar a cire farantin kafin a hau babur, a kuma riƙe fayafayan a tsaye, kada a bar su a mota a rana.