Tiagra a kan keken tserena na farko, da abin da zan faɗa wa sabon mahayi

Duk wanda ya fita neman keken tsere a karo na farko, tun bai gama duba girman firam ba za a fara jero masa sunaye: Claris, Sora, Tiagra, 105, Ultegra, Dura-Ace. Waɗannan matakai ne na saitin giya da birki na kamfanin Shimano na Japan, daga na ƙasa zuwa na ƙoli. Saitin ya ƙunshi hannuwan da ake kama birki da sauya giya da su, da na'urorin da ke ɗora sarƙa daga wannan haƙori zuwa wancan, da farantan gaba, da jerin haƙoran baya, da sarƙar kanta. SRAM na Amurka da Campagnolo na Italiya su ma suna da nasu matakan, amma yawancin kekunan masu farawa da Shimano suke zuwa.

Nawa da Tiagra ya zo, samfurin 4700 da aka fitar a 2015, mai giya 10 a baya da faranti biyu a gaba, babba mai haƙora 50, ƙarami mai 34. Na hau shi a rana da ruwan sama, a shimfiɗaɗɗiyar hanya da kan tudu, kuma har yau ban taɓa jin cewa giyar ce ta hana ni wani abu ba. Da ka tura ɗan ƙaramin hannun da yatsa za ka ji ƙas, sarƙa ta sauka inda ka aike ta, ba gardama. Idan ta fara ɗan ƙara bayan kebul ya saki, juya dunƙulen da ke bayan na'urar ɗora sarƙa ta baya kaɗan yakan wadatar.

Abin da na fi so sabon mahayi ya gane shi ne yawan giya ba shi ne sauƙin hawa tudu ba. Mutane da yawa suna ɗauka mai giya 10 ya fi mai 8 sauƙin hawa, kuma ba haka ba ne. Na sha karɓar keken abokina mai Claris in gwada. Jerin haƙoransa na baya 11, 13, 15, 18, 21, 24, 28, 32 ne. Nawa kuwa 11, 12, 14, 16, 18, 20, 22, 25, 28, 32. Duka biyun a 32 suka tsaya. Ke nan idan muka iso tudun da ya miƙe tsaye, muka koma ƙaramin faranti mai 34, nauyin feda ɗaya ne a ƙafata da tasa: kusan zagaye ɗaya na taya a kowane zagaye na feda. Inda bambancin yake fitowa shi ne a tsakiya. A kan Claris, idan ka tsallaka daga 18 zuwa 15 iska na bugun ka, sai ka ji wannan ta yi nauyi, waccan kuma ta yi sauƙi da yawa, wadda kake so tana tsakani babu ita. Kamar matakalar bene ce da aka yi wa tazara mai faɗi: za ka kai sama, sai dai taku ba ya zama daidai. Wannan ɗan jin daɗin ne kake saya da ƙarin kuɗinka, kuma a tafiya mai nisa cikin ayari yana da amfani sosai. Wanda yake hawa shi kaɗai don motsa jiki kuwa da wuya abin ya dame shi.

Shi ya sa nake jin tausayin wanda ya sayi tsohon keke don kawai an rubuta Ultegra a jikinsa, alhali farantansa 53 da 39 ne, babban haƙorin bayansa kuma 25. Wannan tsari na 'yan tsere ne masu ƙarfin cinya. Sabon mahayi zai ƙare da tura keke a tudun farko, gwiwa na ciwo, har ya fara tunanin hawan keke ba nasa ba ne.

Sai maganar birki, wadda a wurina ta fi ta giya nauyi. Claris da Sora da kebul suke kamawa, ko a rim, wato ƙarfen da taya ke zaune a kai, ko a faifan da ke tsakiyar taya. Daga Tiagra ne ake samun birkin faifai mai aiki da mai. Nawa irinsa ne, kuma a doguwar gangara cikin ruwa yatsu biyu sun ishe ni riƙe keken, hannu bai gaji ba. Wanda ke zaune inda tuddai suke da yawa, ko mai ƙaramin hannu, wannan kaɗai ya isa dalilin hawa mataki ɗaya.

To 105 fa? Saiti ne mai kyau ƙwarai, ba na musu. Samfurin R7000 giya 11 ne, a 2022 aka fitar da mai giya 12 da ke sauyawa da lantarki, a 2023 kuma mai 12 na kebul ya biyo baya. Ya fi Tiagra rashin nauyi da 'yan ɗaruruwan giram, abin da gorar ruwa guda za ta shafe. Sarƙarsa ta fi siranta, ana so a canza ta da zarar ta miƙe da kashi 0.5 cikin ɗari, alhali ta giya 10 ko ƙasa tana iya kaiwa 0.75, kuma kayan canjin sun fi tsada. Wanda ya riga ya san zai shiga gasa, ya saye shi tun farko, domin ɗaga saiti daga baya ba arha ba ne: sai an canza hannuwa da haƙoran baya da sarƙa, kuma hannuwan ne suka fi cin kuɗi. Ultegra da Dura-Ace kuwa ba maganar keken farko ba ce.

Idan kuɗin a ƙirge yake, na fi son in ga mutum a kan Sora mai giya 9, a firam ɗin da ya yi daidai da tsayinsa, da tayoyi masu kyau da hular kwano da wando mai katifa, a kan in gan shi da 105 a keken da ya yi masa girma, baya na ciwo tun ba a yi nisa ba. Kafin ka biya, sunkuya ka duba lambar da aka buga a jikin faranti, sannan ka ƙirga haƙoran babban na baya. Idan ka ga 50 da 34 a gaba, 32 ko 34 a baya, sai ka hau ka zagaya, ka kama birki da ƙarfi ka ji ko yatsunka suna kai wa hannun ba tare da ka miƙe su ba.